Idan Ɗan Ci-rani Ya Rasu a Legas: Daga Kiran Farko Zuwa Fitar Takaba

Yawanci da dare ake kira, ko gab da asuba. Ko dai wani ɗan dako ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Mile 12, ko tirela ta bi ta kan ɗan acaɓa a hanyar Ikorodu, ko kuwa mai gadin da ya kwana uku yana fama da zazzaɓi an leƙa ɗakinsa an tarar rai ya yi halinsa. Mai kiran ba safai yake zama ɗan'uwa na jini ba. Abokin kwana ne, ko maƙwabcin rumfa, murya na rawa, abin da zai iya faɗa bai wuce "Malam, wane fa ya cika" ba. Mu da jama'ar masallaci suka ɗora wa hidimar gawa a wannan gari, daga wannan kira aikinmu yake tashi, kuma ba ya ƙarewa ranar da aka rufe kabari. Sau da yawa sai matar mamacin ta fita takaba muke naɗe tabarma.

A gida Arewa idan aka yi rasuwa, mai rashi zama yake yi, dangi da maƙwabta su ɗauke masa komai. A Ikko kuwa, wanda aka yi wa mutuwar shi ne zai bi asibiti, ya bi caji ofis, ya nemi mota, ya nemi kuɗin kabari, sannan ya rasa bakin da zai gaya wa uwar mamaci. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ka ce masa "yi haƙuri" ka kaɗa riga ka tafi, ba ka rage masa komai ba. Shi ya sa muke fara sauke masa kayan da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, domin zuciyarsa ta sami sararin da za ta yi haƙurin.

Kafin mu fita daga gida, abu uku muke tambaya a waya: a ina ya rasu, yaya aka yi, kuma wa da wa suka sani. Amsar nan ce ke raba hanya.

Idan a gadon asibiti ya cika, abin da sauƙi. Likitan da ke duba shi zai rubuta takardar shaidar rasuwa, a biya abin da ake bin sa, a sallami gawa. Idan kuwa haɗari ne, ko faɗa, ko tsintar gawarsa aka yi ba a san musabbabi ba, to sai an sanar da 'yan sanda. Jihar Legas tana da dokar binciken musabbabin mutuwa tun 2007, kuma a ƙarƙashinta hukuma na iya riƙe gawa har a yi mata binciken likita. A nan samari suke yin kuskuren da ƙauna ke jawowa: su ce ba za a farke ɗan'uwansu ba, su ɗauke gawa su rufe cikin gaggawa. Bayan kwana biyu mai gidan haya ko wani maƙwabci ya kai rahoto, a kwashe abokan ɗakin gaba ɗaya, rashi ɗaya ya zama musiba biyar. Abin da yake aiki shi ne a tura mutum biyu, dattijo mai sanyin rai da wani mai jin Yarabanci ko Turanci sosai, a tafi da wakilin Sarkin Hausawan unguwar, a yi magana cikin ladabi, a bayyana cewa addininmu yana son a gaggauta rufewa. Wani lokaci a dace a sami sassauci, wani lokaci sai an jira. In an ce a jira, jiran ma ibada ne, kuma haka muke gaya wa samarin.

Idan dole gawa ta kwana a mutuware, tun a bakin ƙofa muke faɗa cewa Musulmi ne, gobe za a rufe shi, kada a yi masa allurar hana ruɓewa. Mu faɗa da baki, mu sa a rubuta a takarda, sannan mu bar mutum ɗaya a wurin. A wurare da yawa wannan allurar ita ce abin farko da ake yi wa duk gawar da ta shigo, saboda al'adar mutanen nan ta ajiye mamaci makonni da kuma matsalar wuta. In ka makara da awa ɗaya, ka tarar an gama.

Abu mafi nauyi a wannan dare shi ne sanar da gida. Farko muna roƙon duk wanda ke wurin ya ajiye wayarsa. Ba hoto, ba Facebook, ba WhatsApp, sai iyayensa da matarsa sun ji daga bakin mutum. Babu abin da ya kai ciwon uwa ta ji mutuwar ɗanta daga yaron maƙwabta da ya gani a waya ya shigo da gudu. Sannan ba ma kiran uwa kai tsaye, ba ma kiran mata. Limamin garinsu muke nema, ko baffansa, ko wani dattijo da gidan ke jin nauyinsa. Mu gaya masa gaskiya duka, mu roƙe shi ya taka da ƙafarsa zuwa gidan, ya tabbatar akwai mata manya kusa da tsohuwar kafin ya buɗe baki. In da hali a bari sai an idar da sallar asuba, sai fa in akwai tsoron labarin zai riga shi isa.

Akwai al'adar nan ta cewa "jikin nasa ne ya yi tsanani" alhali an riga an cika. In matakin shigar da magana ne na ɗan lokaci kaɗan, har dattijon ya zauna ya daidaita, ba mu ga laifinsa ba. Amma a bar uwa ta wuni tana addu'ar samun sauƙi ga wanda ake haƙa wa kabari, wannan zalunci ne ko da an yi shi da sunan tausayi. Kuma daga baya ba ta sake yarda da duk abin da aka gaya mata game da yadda ya cika.

Bayan ta ji, ita da kanta takan ce a ba ta wanda yake kansa. Tambayoyinta ba sa canzawa: ya sha wahala? Akwai mutum a kusa da shi? Ya yi kalmar shahada? Abin da muka sani muke faɗa, ba ma ƙari. In ya yi, mu ce, "Inna, ya yi, da kunnensa wane ya ji." In ba wanda ya ji, mu gaya mata abin da muka shaida na rayuwarsa: "Inna, a sahunmu yake asuba, jiya ma da shi aka yi isha'i." Wannan ya fi mata ƙaryar da za a ƙaga, domin gaskiya ce da za ta iya jingina da ita shekara da shekaru.

Daga nan sai maganar da ke raba kan dangi: a kawo shi gida ko a rufe shi a nan. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1000 ne, ko a bi ta Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, ko a zaga ta Lokoja da Abuja. Yini da kwana ne a mota, cikin zafi, da shingayen bincike, kowanne sai an nuna takardu. A jirgin sama kuwa sai an yi wa gawar allurar nan da muke gudu, an sa ta a akwati, ga kuɗi mai yawa. Kuɗin da za a kashe a hanya sau da yawa ya isa ya riƙe marayunsa watanni. Shawararmu kullum a rufe shi inda ya cika. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a gaggauta jana'iza, kuma shahidan Uhudu da aka fara ɗauka zuwa Madina ya sa aka mayar da su inda suka faɗi. Muna karanta wa dangi ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34, cewa babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Akwai kuma hadisin da Nasa'i ya ruwaito, cewa wanda ya rasu a wajen mahaifarsa za a auna masa a Aljanna tun daga inda aka haife shi har inda sawunsa ya yanke. Tsofaffi da yawa da suka kafe sai an kawo musu ɗansu, wannan hadisin ne yake sanyaya musu rai. Amma shawara ce. In waliyyinsa ya dage, ba ma jayayya da mai rashi, sai mu taya shi haɗa takardu.

Kayan wanka a jaka ɗaya suke zaune a masallaci, domin ba a neman alawayyo da ƙarfe biyu na dare. A ciki akwai farin yadi, mukan ajiye yadi goma-goma don kada a zo ana ƙwauro, da almakashi, da safar hannu, da auduga, da sabulu mara ƙamshi, da garin magarya, da kafur, da turare, da buta biyu, da bokiti, da zanen rufe al'aura mai kauri wanda ba ya nuna jiki in ya jiƙe. Magarya ba itacen Kudu ba ce, busasshen garinta muke saya wurin masu maganin gargajiya na Arewa a Agege. In babu, sabulu ya wadatar.

Mutum uku sun isa wanka, huɗu in mamacin mai jiki ne: mai wankewa, mai zuba ruwa, mai juyawa. Maza su wanke namiji, mata su wanke mace, miji da mata kuwa kowanne na iya wanke ɗan'uwansa. A rufe ɗaki, a sallami 'yan kallo. Ana rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa kafin a zare tufafinsa, in sun ƙi fita a yanka su da almakashi maimakon a wahalar da gaɓɓai. A ɗan ɗago shi, a matsa cikinsa a hankali don abin da zai fita ya fita, ana kwarara ruwa. Mai wankin ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya yi masa tsarki ta ƙarƙashin zane, ba tare da ya duba ba. Sai alwala, amma ba a ɗura ruwa a baki da hanci, ƙyalle mai laima ake sa wa a goge haƙora da ƙofofin hanci. Sai a wanke kai, sai ɓangaren dama, sai hagu. Wanka na farko shi ne wajibi, a maimaita ya zama uku, in bai tsarkaka ba biyar ko bakwai, a sa magarya a tsakani, kafur a na ƙarshe. Haka Annabi ya koya wa Ummu Aɗiyya da matan da suka wanke 'yarsa, kuma su suka yi wa gashinta kitso uku suka sake shi baya.

Gawar da ta fito daga firjin mutuware takan sandare. Kada a tanƙwara hannu da ƙarfi, a bari ta ɗan saki, a yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan. Wanda ya yi haɗari kuma, inda jini ke zuba a toshe da auduga a ɗaure, in ba haka ba sai an gama suturta shi a ga likkafani ya ɓaci a koma baya. In jikin ya lalace har cuɗawa za ta saɓule fata, a kwarara ruwa kawai. In ruwan ma zai ɓata, a yi masa taimama.

Doka ɗaya ce ba ma sassauci a kanta: abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake zama. In alheri ne, kamar fuska ta yi haske, a gaya wa dangi. In akasin haka ne, har abada baki ya yi shiru. Duk wanda aka ji ya fita yana ba da labari a teburin mai shayi, ba ya sake shiga ɗakin tare da mu.

Likkafani a wutiri ake yi. Annabi an suturta shi cikin fararen tufafi uku. A littattafanmu na Malikiyya an so namiji ya sami biyar, wato riga, rawani, zane da mayafai biyu, mace kuma bakwai. In babu hali, ƙyalle ɗaya da ya rufe jiki duka ya isar, kuma kada a ci bashi don a cika adadi. A shimfiɗa igiyoyin ɗauri tukuna, sannan mayafan, a sa turare da kafur a gaɓɓan sujada, a naɗe, a ɗaure a kai, a tsakiya da ƙafa.

Wajen salla, Legas gari ne da ke tara kowa. A sahu ɗaya za ka ga ɗan ɗariƙa, ɗan Izala, Bayarabe maƙwabcin mamacin, da Babarbare abokin cinikinsa. Kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. Wasu addu'a suke yi bayan kowace kabbara, wasu Fatiha bayan ta farko, salati bayan ta biyu, addu'a bayan ta uku. Wani liman a tsakiyar gawar namiji yake tsayawa, wani a saitin kai. Duka suna da madogara, saboda haka tun kafin a ɗauko makara muke tsayar da wanda zai ja salla, yawanci wanda dangi suka zaɓa, don kada a yi musu a kan gawa. Mai rashi ba ya manta mutumin da ya tayar da gardama a ranar. A kuma lissafa gosulo: tafiyar da taswira ta ce rabin awa ce tana iya cin awa biyu, kuma ba a son a kai gawa daidai faɗuwar rana. Masu haƙa su riga mu isa tun da safe, da takardar izinin maƙabarta a hannu.

Ƙasar Legas ba irin ta gida ba ce. Wuraren da ke kusa da ruwa, ba ka yi nisa da haƙa ba ruwa zai fara tsattsafowa, musamman a Yuni da Yuli lokacin da damina ta kankama. Ɓangaren Agege ya fi tudu da jar ƙasa mai riƙe kanta. Ana haƙa uwar kabari, sannan ƙaramin rami a cikinta daidai faɗin mutum a kwance a gefe. Alƙibla daga Legas gabas ce mai karkata arewa, wajen daraja 63 daga arewa, kuma gara a duba da waya da a bi layin kabarin da ke kusa, don wani lokaci shi ma a karkace yake. A kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, ana cewa "Bismillahi wa ala millati Rasulillah", a kwance ɗaurin. A gida itace ko fasassun tukwane ake jerawa, a nan yawanci katako ne ko falankin siminti. A toshe ƙofofi da cuɗaɗɗiyar laka kafin a tura ƙasa. In aka yi sakaci da wannan, ruwan sama biyu ya isa kabari ya rufta. Bayan an gama, kada a watse nan take. A tsaya a nema masa gafara da tabbatuwa, domin a lokacin ake tambayarsa. Sannan mu sa alama, mu rubuta layi da wurin a littafinmu, saboda wata rana ɗansa zai girma ya zo Legas ya ce a nuna masa.

Zaman makoki kwana uku ne. Gidajen hayar nan masu ɗakuna suna kallon juna ba sa ɗaukar jama'a, don haka maza a ƙofar masallaci suke zama, mata a ɗakin matarsa, kuma mukan je mu gai da mai gidan mu sanar da shi za a ga baƙi. Abinci daga maƙwabta yake zuwa. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi cewa ya yi a yi wa iyalinsa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Mukan raba kwanakin a tsakanin gidaje, kowa ya san ranarsa. Juya abin da ake yi, a sa gidan mamaci su dafa wa masu gaisuwa da kuɗin marayu, ba mu yarda da shi ba.

Ita gaisuwar, gajeriya ta fi. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku dangana." Wanda ya iya, ya ƙara da kalmomin da Annabi ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta ke gargara: na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, kowane abu a wurinsa da ajalinsa, sai a yi haƙuri a nemi lada. Abin da ke ɓata zaman shi ne masu bincike: "Wane asibiti kuka kai shi? Ai da kun kai shi wuri kaza." Mai rashi ya riga ya kwana yana yi wa kansa wannan tuhumar, ba ya buƙatar mataimaki. Haka masu hana kuka. Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Abin da aka hana shi ne kururuwa, yaga tufa da marin fuska. In ƙato ya fashe da kuka a gabanka, dafa kafaɗarsa ka yi shiru. Wa'azi mai tsawo a ranar farko ba ya shiga. Abin da muke koya wa mai rashi a ranar bai wuce addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta ba: "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Gajeriya ce, harshe na iya riƙe ta lokacin da kai ba ya riƙe komai.

A rana ta biyu ko ta uku muke buɗe kayansa, a gaban shaidu aƙalla biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan garinsu. Kayan ɗan ci-rani ba su da yawa: jakar Ghana-must-go, kaya kala uku, sabuwar atamfa da ya saya wa matarsa yana jiran tafiya gida da salla, takalman yara da ya auna da igiya, wani ɗan littafi da ya sha maiƙo an rubuta sunaye da lambobi da ajami. Wannan ɗan littafin shi muka fi nema. Komai a rubuta: kuɗin hannu, kuɗin da ke waya, zubin adashi, ajiyar da ya ba wani, ajiyar da wani ya ba shi, babur ko keken da ya karɓa yana biya kaɗan-kaɗan. Daga lokacin da ya cika, dukiyar ta zama ta magada, saboda haka ko wani ya san lambar sirrin katinsa, ba shi da ikon taɓa ko sisi shi kaɗai. Kuɗin banki mai kauri sai an bi ta sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas an karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, abin da ke ɗaukar lokaci, don haka tun wuri muke gaya wa dangi kada su sa rai da shi a wannan watan. Tsarin fitarwa kuwa sananne ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in bai wuce sulusi ba, sannan gado. Muna yin shela a masallaci da kasuwa, duk mai bin sa ya zo, domin ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Da yawa in sun zo, yafewa suke yi. Kuɗin karo-karo kuma mutum biyu ke riƙewa, a karanta lissafi a bainar jama'a. Zargin cin kuɗin mamaci ya rusa zumunci a unguwanni fiye da yadda ake zato, kuma yawanci ba ci aka yi ba, rashin rubutu ne.

Ranar huɗu kowa ya koma neman abincinsa, Legas ba ta jiran kowa. A nan ne ainihin kaɗaici yake sauka, kuma a nan aka fi sakaci. Idan matarsa a nan take, takabarta wata huɗu da kwana goma ce kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, mai ciki kuwa sai ta haihu. A ɗakin mijinta za ta zauna, ta bar ado da turare, amma tana iya fita da rana don asibiti ko wata buƙata. Riƙe wuƙa, hana ta magana da ƙarfi da sauran abubuwan da ake ɗora mata ba su da tushe. Abin da za a duba da gaske shi ne haya. A nan kuɗin shekara ake biya, to yaushe nasu zai ƙare? In zai ƙare a tsakiyar takaba, tun yanzu a je a sami mai gidan, ko a haɗa kuɗin watannin da suka rage. In zaman ba zai yiwu ba, babu mai kula da ita ko babu tsaro, malamai sun yi mata rangwame ta koma inda za ta sami aminci. Matanmu sukan raba mako a tsakaninsu, kowace rana da mai leƙa ta, kuma ba hannu rabbana ba: ko sabulu, ko garin tuwo, ko ta ɗauke mata yara na yini.

Akwai kuma wanda kowa ke mantawa da shi, wato abokin ɗakin da ya tsinci gawar, ko wanda yake goye da shi a babur. Ba a yi masa ta'aziyya don ba dangi ba ne, alhali shi ne ya kasa barci. Mukan sa ya bar ɗakin na 'yan kwanaki, mu ba shi aiki a cikin hidimar, ko da kai saƙon kayan mamacin gida ne. In makonni suka wuce mutum ba ya ci, ba ya barci, ya daina fita aiki, ko ya fara cewa gara shi ma ya bi shi, wannan ya wuce a ce masa ya ƙara haƙuri, kuma ba raunin imani ba ne. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi wurin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba irin wannan, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a kai shi.

Mun lura da wani abu a tsawon wannan aiki. Waɗanda suka fi iya zama da mai rashi su ne waɗanda aka taɓa zama da su. Matar da ta fita takaba bara ita ce ta san cewa tsakanin magariba da isha'i, lokacin da ya saba shigowa da leda a hannu, shi ne lokacin da ɗaki ya fi yin faɗi, don haka a lokacin take zuwa. Saurayin da aka taya rufe wansa, in ka kira shi haƙar kabari ba ya tambayar na wane ne. Shi ya sa bayan wata biyu ko uku, in mun ga mutum ya fara dawowa hayyacinsa, mukan ce masa, "Gobe akwai jana'iza, zo ka riƙe mana buta." Da yawa daga cikin masu wankan gawa a unguwannin nan ta wannan ƙofar suka shigo. Ba ma yi musu dogon bayani a kan ayoyin Baƙara 155 zuwa 157, inda aka ambaci jarrabawa da tsoro, yunwa, tauyewar dukiya da rayuka, aka yi wa masu haƙuri bushara. Sun riga sun bi ta cikinsu, in an karanta a masallaci sai ka ga sun sunkuyar da kai.

Sabon shiga, ranar da ya fara fitowa daga ɗakin wanka, ba ya son magana, mu ma ba ma matsa masa. Abu ɗaya muke sa shi ya yi kafin ya tafi gida. Mu miƙa masa takarda da biro, ya rubuta cikakken sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu da unguwarsu, lambar mutum biyu a gida waɗanda ba mahaifiyarsa ba, wanda yake bi da wanda ke bin sa. Wayoyin yanzu a kulle suke, mun sha tsayawa a kan gawa waya na hannunmu tana ƙara ba mu san ko sunan ubansa ba. Kwafi ɗaya ya shiga littafin masallaci, ɗaya ya naɗe a leda saboda ruwan Legas, ya sa a aljihun gaba.